Littafin aiki: mayar da injin E36 daga lita 2.5 zuwa 2.8 a Magazin, Kumasi

Asabar, 13 ga Janairu, 2024

Motar BMW E36 ce, 325i ta 1994, mai giyar hannu. Injinta M50B25TU ne, mai VANOS ɗaya (na'urar da ke canza lokacin buɗe bawul) a kamshaf ɗin shan iska: silinda shida a jere, bawul 24, bulok na baƙin ƙarfe. Faɗin silinda milimita 84, tafiyar fistin milimita 75, jimilla cc 2,494. Da ƙarfin doki 192 ya fito daga kamfani, amma wannan tsohon zance ne. Awon matsi na yau: silinda ta 1 zuwa ta 5 tsakanin bar 10.5 da 11.5, ta 6 kuwa 7.5. An ɗiga ɗan baƙin mai ta ramin fulogi aka sake awo, sai ta hau zuwa 10. Ke nan ciwon yana ga ringi ko bangon silinda, bawul ba shi da laifi.

Tunda dole a buɗe ƙasan injin, za a mayar da shi 2.8. Hanyar sananniya ce: a ɗauko karanshaf na M52B28, injin BMW mai lita 2.8, wanda tafiyarsa milimita 84 ce, tare da kon-rod ɗinsa masu tsawon milimita 135 da fistin ɗinsa, a zuba su cikin wannan bulok. Tsayin bulok ɗin biyu ɗaya ne, ba sai an yanke komai ba. Zai koma cc 2,793. Kon-rod na injin da ke kan motar milimita 140 ne, don haka ba a gauraya su da sabon karanshaf, fistin zai leƙo saman bulok. Hed da manifol na M50 za su zauna, domin bututun manifol ɗinsa sun fi na M52 faɗi, kuma nan ne ribar wannan haɗin take idan inji ya yi sama.

Babu turbo a wannan zagaye. Kuɗin turbo da na'urar sanyaya iska da sabuwar kwamfuta kaɗai sun fi duk kasafin da ke ƙasa, ga zafin tsayuwa a cunkoson shataletalen Suame.

Kasafi, da sidi: ƙasan injin 2.8 hom-yus (wanda aka yi amfani da shi a waje aka shigo da shi) 4,500, aikin masu injin gyaran ƙarfe 3,000, metal (ƙarafan da karanshaf ke juyawa a cikinsu), ringi, gaskit, bol da sarƙa 7,500, kayan sanyaya 4,000, kuloci 3,500, salansa 4,000, injekta da cif na kwamfuta 2,500, mai da filta 1,500, ajiyar ko-ta-kwana 4,500. Duka 35,000. Dala yau tana wajen sidi 12.

Asabar, 20 ga Janairu

An samu ƙasan M52B28 a Magazin, unguwar gareji da shagunan kayan mota ta Suame, ba hed, ba manifol. Na Turai ne, bulok na alminiyam mai rufin Nikasil a bangon silinda. Sulfa da ke cikin fetur tana cin wannan rufin, kuma kafin 2017, lokacin da Ghana ta rage yawan sulfa a man da ake shigowa da shi, irin waɗannan injuna sun sha wuya a nan. Wannan ma rufin ya ɓare a saman silinda uku. Shi ya sa ya yi araha, kuma mu ba bulok muka zo saya ba.

Kafin a biya an sa mai shagon ya cire kwanon mai. An buɗe murfin kon-rod biyu da na men ɗaya, wato inda karanshaf ke zama a bulok, aka duba wuyan karanshaf: babu shuɗin ƙuna, farce ba ya kama layi. An auna tafiyar fistin daga sama zuwa ƙasa, 84. Wannan awon ba a tsallake shi, don ƙasan 2.5 da na 2.8 kamarsu ɗaya daga waje, kuma rubutun alli a jikin inji ba shaida ba ne. Ya fara da 5,500, aka sauka a 4,200. Aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, zuwa gareji 150.

An kashe: 4,350.

Laraba, 24 ga Janairu

An sauke inji da giyabos tare. Kowace waya an ɗaura mata takarda, bol kowane rukuni da ledarsa. Ƙurar hunturu ta yi yawa, an toshe bakin bututun fetur da na manifol da tsumma.

Asabar, 3 ga Fabrairu

An wargaza injunan biyu, an wanke, an auna. Wanki da awo 300.

Karanshaf na 2.8 lafiya lau. Wuyan men guda bakwai duk a milimita 59.98, na kon-rod shida a 44.98, babu wanda ya zama ƙwai fiye da 0.005. Goge kawai yake so, metal ɗin sitanda zai hau.

Bulok ɗinmu ne ya kawo magana. Silinda ta 1 zuwa ta 5 sun ci tsakanin 0.04 da 0.06 a sama, wanda da a ce shi kaɗai ne, da honin, wato goge bangon silinda da dutse, ya wadatar. Ta 6 tana da layuka biyu daga sama har tsakiya, farce yana kamawa sosai, kuma ringin saman fistin ɗin ya karye gida biyu. Ta 6 ita ce can baya, mafi nisa daga famfon ruwa, ita ke fara shan wahala idan inji ya taɓa yin zafi. Filastik ɗin famfon ruwan da aka ciro ya tsage a gindi, ga dalili nan a fili.

Zaɓi uku ne. A nemi wani bulok na M50: akwai su a Magazin, amma lambar inji a jikin bulok take, za ta saɓa da takardun DVLA, hukumar rajistar motoci, kuma ba a san cikin wancan ba sai an auna. A sa siliba a silinda ɗaya: ya fi araha, masu tasi suna yi kullum, amma ba na son silinda ɗaya daban da 'yan uwanta a injin da zai riƙa kaiwa juyi 6,500 a minti. Ko a yi borin duka shida, wato a faɗaɗa raminsu zuwa 84.25, a sayi sabbin fistin. Na ukun aka ɗauka. Fistin ɗin da suka zo da karanshaf sun tashi aiki ke nan, kuma ajiyar ko-ta-kwana ta tafi tun ba a ɗaura bol ɗaya ba. Da 84.25 injin zai zama kusan cc 2,810.

An kashe: 4,650.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Ba a samu fistin 84.25 na 2.8 a Kumasi ba. Wani ɗan kasuwa a Abossey Okai, Accra, zai yi odar su daga Jamus: shida, da ringi da fil, dala 600 har da kawowa. An biya rabi ta MoMo, wato ta waya, a kan sidi 12.6 kowace dala, sidi 3,780, ban da kashi 1 cikin ɗari na E-Levy, harajin tura kuɗi ta waya na lokacin. An jaddada masa ringin na bangon baƙin ƙarfe ne, kada a kawo na Nikasil.

Mai borin ya ce a kawo bulok yanzu ya yi, tunda injinsa ba aiki. An ce a'a. Ba a yin borin sai fistin suna hannu, domin kowace silinda da fistin ɗinta ake auna ta.

An kashe: 8,430.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Hed. An fara da gwajin matsin ruwa, 200, saboda hed ɗin M50 da ya taɓa zafi yakan tsage tsakanin mazaunin bawul da hanyar ruwa, kuma ido ba ya gani. Bai tsage ba. Da madaidaicin ƙarfe da fila-gej an samu lanƙwasa 0.12 tsakanin silinda ta 3 da ta 4. Tsayin sabon hed milimita 140 ne, iyakar da aka yarda a sauka 139.7. Namu yana 139.98, ba a taɓa aske shi ba. An aske 0.15, kuɗi 350. Gyaran mazaunin bawul 24 da garandin 900. Bawul biyu na hayaƙi a silinda ta 6 bakinsu ya ci, an canza, 400. An zuba kananzir a ɗakunan ƙonewa aka bar shi, babu wanda ya tsiyaya.

Yanzu lissafin matsi. Injin 2.8 daga kamfani 10.2 ne bisa 1, wato ɗakin ƙonewa da gaskit da kwarin fistin sun haɗa kusan cc 50.6. Askin 0.15 ya cinye kusan cc 0.8, borin ya ƙara abin da fistin ke shaƙa zuwa cc 468 kowace silinda. Da gaskit na yau da kullum, mai kauri 1.75, za a tashi a wajen 10.4. Da mai kauri 2.05 za a dawo wajen 10.1. Fetur na gama-gari a nan RON 91 ne, lambar da ke nuna juriyarsa ga matsi kafin inji ya fara ƙwanƙwasa. RON 95 ana samunsa a manyan gidajen mai na cikin gari, amma wanda ya kama hanyar Techiman zuwa Tamale ba kullum zai same shi ba. Injin yana da na'urar jin ƙwanƙwasa guda biyu, sai dai aikinsu janye taimin ne, kuma ƙarfin da aka samu da ƙarin matsin nan take zai zube. An tsaya a kan 2.05.

An kashe: 10,280.

Asabar, 9 ga Maris

Sayayya mafi girma zuwa yanzu. Metal na men da na kon 1,650; cikakken saitin gaskit 2,900; gaskit mai kauri daban 650; bol ɗin hed 14, 600; na kon-rod 12, 550; na men 14, 700; sarƙar taimin manya da ƙanana da mazaunansu da tenshona 2,100; robar VANOS ta Viton 450. Jimilla 9,600, alhali 7,500 aka ware har da ringi.

Duk waɗannan bol ɗin masu miƙewa ne, sau ɗaya ake ɗaura su. Fitoci da yawa suna mayar da tsofaffi a kan motar haya kuma su tsira, amma 1,850 ba kuɗin da za a yi rowa a kansa ba ne idan an riga an zuba dala 600 a fistin.

Bol ɗin hed da aka fara bayarwa tsawonsu 110 ne, na bulok ɗin alminiyam. Na baƙin ƙarfe 95 ne. Dogon zai taɓa ƙasan rami kafin ya danne gaskit, sifana ta nuna ya ɗauru alhali hed yana sako-sako. Yaron shagon ya ce, “Masta, duk na siks-silinda ɗaya ne.” An ɗora ma'aunin tsawo a kai a gabansa, ya koma ciki ya kawo na 95.

Kwali ba ya tabbatar da komai a kasuwar nan. Metal an duba tambarin bayansa kuma an auna kaurinsa ɗaya-ɗaya. Gaskit an ɗora shi a kan bulok aka bi ramukan ruwa da na mai.

An kashe: 19,880.

Asabar, 16 ga Maris

Azumi ya kama, aiki da safe kawai. An sayar da karanshaf da kon-rod na 2.5 da fistin ɗin da ba za a yi amfani da su ba, 1,800. Bulok ɗin alminiyam ya tafi wajen masu narkar da tukwane, 600. Wannan 2,400 an ajiye shi gefe, za a cire a lissafin ƙarshe. An riƙe farantin tare mai na 2.8, ko da za a buƙace shi.

Alhamis, 28 ga Maris

Fistin sun iso ta motar tashar Circle da ke Accra. Ragowar dala 300 an biya a kan 13.5, sidi 4,050. Da an biya duka a Fabrairu da 270 ta tsira. Duk abin da farashinsa ke da dala, jinkiri ƙarin kuɗi ne a bana.

An auna kowane fistin a siket, gicciye da fil. Bambanci tsakanin mafi girma da mafi ƙanƙanta 0.006. An rubuta musu lamba 1 zuwa 6. A sikelin masu zinariya an haɗa fistin mai nauyi da kon-rod mara nauyi, har kowane saiti ya zo cikin giram 2 da ɗan uwansa.

An kashe: 23,930.

Asabar, 6 ga Afrilu

Borin da honin 1,800, goge karanshaf 300. Umarnin da aka bayar a rubuce: tazarar 0.03 tsakanin fistin da bango, kamar yadda takardar cikin kwalin ta ce.

Dumsor, wato ɗauke wutar lantarki, ya raba aikin gida biyu, an yi silinda huɗu, wuta ta ɗauke, aka ƙarasa washegari. Da bulok ya dawo an bar shi ya kwana a inuwa tare da fistin, sannan aka auna da agogon awon silinda a wuri uku, sama, tsakiya, ƙasa, kowanne ta fuska biyu. Ta 1, 3, 4 da 6 sun zo tsakanin 0.028 da 0.034. Ta 2 da ta 5 suna 0.03 a sama, amma a ƙasa 0.008 da 0.010. Dutsen honin bai sauka har ƙasa ba, kuma an auna su da ɗumin aiki a jiki, ƙarfe a buɗe. Da hannu fistin yana wucewa sumul, shi ya sa gwajin turawa da yatsa da ake yi a shaguna ba zai kama wannan ba. Alminiyam ya fi baƙin ƙarfe saurin kumbura. A tazarar 0.008, fistin zai kama bango a hawan farko da injin ya yi zafi, siket ya goge, a koma gidan jiya.

An mayar da bulok da takardar awon. Masta ɗin ya ce shekarunsa nawa yana wannan aiki ba wanda ya dawo masa. Aka ce masa, “Masta, ba gardama muka zo ba, ga agogo, ka auna da hannunka.” Ya auna, ya yi shiru, ya mayar da shi kan inji. Bai karɓi ƙari ba. Yanzu duka shida suna tsakanin 0.028 da 0.035 daga sama har ƙasa.

An kashe: 26,030.

Asabar, 13 ga Afrilu

Bayan Sallah. Wankin bulok da ruwan zafi da omo da buroshi, ba fetur ba, don fetur ba ya ɗaga garin dutsen honin daga cikin layukan bango. Ana gogawa da farin ƙyalle har ya daina fita da toka. Hanyoyin mai an bi su da buroshin kwalba da iska, aka shafa mai nan take saboda damina ta sauka, tsatsa ba ta jira.

Bakin ringi: an tura kowanne cikin silindarsa da kan fistin. Na sama sun zo 0.25 zuwa 0.30, guda ɗaya 0.15, an goge shi da ƙaramin fayil zuwa 0.28. Plastigauge (zaren roba na auna tazarar metal), ma'aunin digiri da hayar makullin kamshaf 500.

An kashe: 26,530.

Asabar, 20 ga Afrilu

Haɗa ƙasan inji. An fara a bushe da Plastigauge. Men: tsakanin 0.035 da 0.045, littafi ya yarda da 0.020 zuwa 0.058. Kon-rod: 0.030 zuwa 0.040, iyaka 0.020 zuwa 0.055. An yi wannan gwajin da tsofaffin bol, sabbin sai ɗaurin ƙarshe. Metal mai kafaɗa, wanda ke hana karanshaf zuwa gaba da baya, a men na 6 yake zama. Wasan gaba da baya ya zo 0.11, cikin 0.080 zuwa 0.163.

Ɗauri, da Nm, ma'aunin ƙarfin ɗaure bol: men Nm 20 sannan digiri 50. Kon-rod Nm 5, Nm 20, sannan digiri 70. Kibiyar kan fistin tana kallon sarƙa. Bakunan ringi an raba su digiri 120. Bayan kowane fistin ana juya karanshaf da hannu, don in wani abu ya ɗaure a san wanda ya jawo.

Da aka ɗaura farantin tare mai na 2.5, sai aka ji ƙas a wuri biyu. An shafa alli aka juya: kan bol ɗin kon-rod yana shafar farantin, saboda da'irar da yake zagayawa ta ƙaru da milimita 4.5 kowane gefe. An sa na 2.8 da aka ajiye, ya wuce ba taɓawa.

Notin famfon mai. Haƙoransa na hagu ne, Nm 25, kuma sananne ne a wannan dangin injin cewa yakan kwance idan ana yawan kai inji sama ko mota ta juya baya da giya a ciki. In ya faɗi, famfo ya tsaya, metal ya ƙone cikin daƙiƙoƙi. An wanke haƙoran, an sa jan gam na bol, an huda notin aka ɗaure shi da waya a jikin sufuroket. Wasu suna ɗiga masa walda, ita ma tana yi, amma ranar canza famfo sai an yanke.

Asabar, 27 ga Afrilu

Hed ya hau. Ramukan bol a bushe, babu mai ko ruwa a ciki. Nm 30, digiri 90, wani digiri 90, daga tsakiya zuwa waje. Murafun kamshaf Nm 15, ana sauke su kaɗan-kaɗan, don kamshaf ɗin rami ne a ciki, yana karyewa in an danne gefe ɗaya. Bayan sun zauna an ba tafet ɗin haidurolik rabin awa su sauke man cikinsu kafin a juya komai.

Taimin: fil a fulawil, makulli a ƙarshen kamshaf na baya, ƙahonin silinda ta 1 suna fuskantar juna. Wajen VANOS ne ake yawan kuskure. Sai an juya sufuroket har ƙarshe ta hannun dama, sannan a tura na'urar, haƙorin farko da ya samu shiga shi ne daidai. In aka bari ya tsallake zuwa na gaba, injin zai tashi, zai kuma yi tafiya, amma ƙarfin ƙasa ba zai zo ba. Tsohuwar robar cikin VANOS ta bushe ta yi tauri, fistin ɗin yana zamewa ba riƙo. An sa sabuwa.

Fulin gaba na M50 ya koma, domin a jikinsa haƙoran da sensa ke karantawa suke, 60 ba 2. Babban bol ɗin Nm 410, an aro sifanar masu gyaran tirela. An juya inji zagaye biyu, fil da makulli suka sake shiga.

Asabar, 4 ga Mayu

Zaman lissafi. Saura 8,470 a kasafin farko, ga kayan sanyaya, kuloci, injekta, mai da salansa duk ba a saya ba, kuma dala tana neman 14. Salansa ta fita daga wannan zagaye. Ita ce za ta fi daɗin kunne, amma tsohuwar ba ta yoyo, kuma rashin sabuwa ba zai kashe inji ba.

Kayan sanyaya ba a rage komai ba, tunda su suka kashe silinda ta 6: lagireto 2,300, famfon ruwa mai farfelar ƙarfe 850, tamostat da gidansa na alminiyam 600, tiyo 700, kulocin fanka 900, murfi mai bar 2, 150, ruwan sanyaya da tataccen ruwa 350. Jimilla 5,850. An shawarci a cire tamostat gaba ɗaya, wai ƙasarmu da zafi. Ba a cire ba. In babu shi inji yana daɗewa bai kai zafin aiki ba, kwamfuta ta yi ta zuba fetur da yawa, fetur ɗin ya wanke mai daga bango, sabbin ringi su kasa zama. Ruwan famfon gida ma ba zai shiga lagireto ba.

Kuloci sabo 3,900. Fulawil ɗin asali ya zauna.

An kashe: 36,280.

Asabar, 11 ga Mayu

Inji ya koma cikin mota. Injekta shida na 2.8, masu kai ruwan hoda, hom-yus 900, wanki da gwajin feshi 300. Kwamfutar Bosch Motronic 3.3.1 ce, mai lamba 413 da jan tambari, cif ɗinta ana cirewa. An rubuta wani don 2.8 da waɗannan injekta, 1,300, an ajiye na asali. Baƙin mai 15W-40 na gargajiya lita 6.5, filta, fulogi shida, man giyabos da tarkace 1,900.

An kashe: 40,680.

Asabar, 18 ga Mayu

Kafin tayarwa an cire fulogi da fiyus ɗin famfon fetur, aka yi ta bugun kik har agogon da aka ɗaura ya nuna mai ya hau. Aka mayar da komai. Kik yana juyawa, inji shiru. Babu wuta a koyil, babu feshi a injekta, famfon fetur ba ya kuka lokacin bugu. Rashin ukun nan a tare yana nufin kwamfuta ba ta ganin karanshaf yana juyawa. An mayar da cif na asali don a cire shi daga zargi, ba canji. Tazarar sensa da haƙora kusan milimita 1, daidai. Da aka sa mita a wayar sensa ana lanƙwasa ta, sai karatu ya riƙa ɓacewa a inda ta bi bayan fuli. Waya ce mai shekara 30, ta karye a cikin rigarta lokacin saukewa da ɗorawa. Sensan M52 da ke gareji ba ya aiki da wannan kwamfutar. Sabo 650.

Bugu na biyu ya tashi. Matsin mai ya je bar 4 a sanyi, ya sauka 1.4 a silo da zafi. Tafet sun yi ta ƙas-ƙas kusan minti goma sannan suka yi shiru. Fitar da iska daga ruwa: gaban mota a ɗage, hita a buɗe har ƙarshe, sukurun lagireto a kwance sai da kumfa ta ƙare. Ya sha kusan lita 10.5. Ba a bar shi yana silo ba, da allura ta kai tsakiya aka fita titi.

An kashe: 41,330.

Asabar, 1 ga Yuni

Zaunar da ringi. Hanyar Mampong ta dace, akwai hawa da gangara. A giya ta 3 da ta 4, a taka rabin totur daga 2,000 zuwa 4,000, a saki ƙafa inji ya ja motar baya, a maimaita. Matsin ƙonewa ne ke tura ringi jikin bango, lallaɓawa ba ta zaunar da su. An zubar da man farko a kilomita 100, an yanka filta aka duba: ɗan ƙyalli kaɗan, babu gutsure. Yanzu kilomita 600, mai bai ragu a sanda ba. A cunkoson Tafo da rana allura ba ta gota tsakiya ba.

Asabar, 15 ga Yuni

Kilomita 1,000 ta cika, an canza mai zuwa 10W-40. Man canji biyu da filta 950.

Gwajin farko da totur a ƙasa, da na'urar awon cakuɗin iska da fetur a bututun hayaƙi. Daga 2,500 zuwa 5,000 tana nuna kason iska 12.8 zuwa 13.0 ga kason fetur ɗaya, yadda ake so. Daga 5,500 sai ta haura 14.5, motar ta yi kamar an riƙe ta. Nan aka saki ƙafa, domin ƙarancin fetur a wannan wuri shi ke narkar da kan fistin. Mai cif ya ce a kawo ya ƙara fetur a sama. Kafin haka an ɗaura agogo a layin fetur, aka manna shi a gilashi. A tsaye, da tiyon regileta a cire, bar 3.5 daidai. A kan hanya, daga 5,000 sai ya zube zuwa 2.6. Tsohon famfo ya ishi 2.5 mai gajiya, bai ishi wannan ba. Da an ƙara a cif, da an rufe matsalar na ɗan lokaci, famfon ya ci gaba da mutuwa a ƙarƙashi. Famfo da filtar fetur 1,100. Yanzu 3.5 har 6,500, cakuɗi 12.9.

Gobe Babbar Sallah, gareji a rufe.

An kashe: 43,380.

Asabar, 29 ga Yuni

Awon matsi da zafi: duka shida tsakanin bar 12.0 da 12.5. Babu yoyon mai, babu na ruwa. Ba a hau injin awon ƙarfi ba, don haka babu adadin doki da za a rubuta. Abin da ake ji shi ne daga 2,500 motar tana ja a giya ta 4 inda da sai an sauko ta 3, kuma ba ta sarewa bayan 5,500. Da RON 91 an ji ƙwanƙwasa kaɗan a hawa da tsakar rana, da 95 babu. Lita ta haura sidi 14, dala ta wuce 15.

Lissafi: 43,380, a cire 2,400 na kayan da aka sayar, saura 40,980. Ya ɗara kasafi da 5,980, kuma salansa ta 4,000 ba ta ciki. Fistin 7,830 ne babban abin da ba a tsara ba, sauran ƙarin ya fito daga bol, sarƙa da kayan sanyaya.

Zagaye na gaba, bisa wannan jeri: birki, da sabon mai DOT 4 da tiyo huɗu, robobin ƙafar gaba da na aksul ɗin baya, tare da duba ƙarfen da aksul ke ɗaure a jikinsa, don E36 tana tsagewa a wurin idan ƙarfi ya ƙaru, sai salansa, a sake duba cif bayanta. Difaransha 3.15 zai zauna yadda yake. An ware 9,000, za a fara da birki a tsakiyar Yuli.